Simintin da Ya Rufe Zanen Baba

Unguwar Bakin Gada,
Wudil.
Ranar Lahadi, watan Nuwamba, 1978.

Zuwa ga ƙanena Sharhabilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Huseina da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara maka buɗi a wurin aikinka, ya haɗa ka da shugabanni masu adalci, ya tsare ka daga ruwan Ikko da motocinta, ya raya mana zuriyarka bisa tafarkin addini. Mu nan muna lafiya gwargwado, sai godiya. Inna tana fama da gwiwar nan tata, yanzu a zaune take salla, amma bakinta lafiya lau, kullum sai ta yi mitar ka manta da ita. Gero ya yi kyau bana, gyaɗa kuwa ba a maganarta. 'Yata Mairo ta sauka lafiya, an sami mace, an sa mata sunan Inna, saboda haka ka sake zama kaka ba tare da ka ɗauki ko tabarma ɗaya ranar suna ba. Malam Isyaku maigidana yana nan yana fama da kogi. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san na ajin yaƙi da jahilci ne, in ka ga harafi ya kwanta kai ka tashe shi.

Ƙanenmu Auta ne zai miƙa maka wannan takarda hannu da hannu. Na san halinka, kana ganinsa da akwati za ka fara faɗa, ka ce wa ya aiko shi, wa ya bar wa Baba. Don Allah ka ba shi ruwa ya sha, ka bar shi ya huta, ka zauna ka karanta har ƙarshe kafin ka buɗe baki. Baba ya san Auta ya taho wurinka, amma abin da aka gaya masa shi ne ya zo neman wani hoto ne ya koma. Gaskiyar magana kuwa yaron nan ba shi da niyyar komawa, kuma in bai koma ba, sana'ar gidanmu ta ƙare a kan Baba. Ni ban ga hanyar da zai koma ba. Bari in gaya maka yadda aka yi muka kai nan, don rabin labarin ka sani, kuma rabin da ka sani shi ne mai daɗin.

Ka san zauren Baba, a ƙofarsa ka yi rarrafe, amma bari in tuna maka, tun da ku mutanen Ikko mantuwa gare ku. Kakanmu ne ya gina shi da tubali, ya yi masa zankwaye a sama, ya zane fuskarsa da hannunsa tun daga indararo har ƙasa. Akwai dagi babba a saman ƙofa, akwai takobi, akwai wata da taurari, ga wasu layuka masu murɗewa da ban taɓa sanin sunansu ba. Baba ya ƙara keke shekarar da ya sayi nasa, ya ƙara agogo shekarar da aka haife ka. Duk bayan damina sai ya dafa makuba, wato ɓawon ɗorawa, ya shafe shi, ya bi zanen da farar ƙasa da shuni. Mu dai bango muka ɗauke shi, abin jingina in an gaji, wurin da Inna ke hana mu goge hannun miya. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya kalle shi a cikinmu, sai dai a ce wa baƙo in ya sauka daga gada ya nemi gidan Dattijo Magini mai zane.

Bayan tafiyarka, da yaƙin basasa ya ƙare hanya ta buɗe, sai Turawa masu yawon buɗe ido suka fara tsayawa. Wasu sun keto hamada a motoci ƙirar Landiroba, jarkoki ɗaure ko'ina, za su Yankari ko Barno, wasu ma'aikata ne daga Kano suke fitowa ranar Juma'a kallon kasuwar shanu. Suna hawowa daga gada sai su yi arba da zauren, ka ji an taka birki. Wallahi na ga ƙato da gemu ya kwanta ruf da ciki a ƙasa don ya ɗauki bangon Baba hoto, kaji suna tsallake shi. Da farko Baba tsarguwa ya yi, ya ce ko masu awon haraji ne. Da ya gane kallo kawai suke, sai ya zama in ya ji motar baƙi ya shiga ya sako hularsa ta zuwa Idi, ya zo ya zauna a dakali yana ta ƙoƙarin nuna bai damu ba. Bai taɓa karɓar ko kwabo ba, ya ce shi bai taɓa jin inda aka sayar da kallo ba.

Shi bai karɓa ba, amma unguwa ta ci, kuma ta ci da kyau. Na kafa rumfata kusa da ƙofar, ina soya musu kifi da zafinsa, suna ci suna hawayen yaji suna neman ƙari. Talatu mai ƙwarya ta daina ɗaukar kaya zuwa kasuwa, a nan take sayar da zanannun ƙorenta da faifai. Malam Isyaku yana zagayawa da su a kwale-kwale su ga masunta da tsuntsaye. Matan Fulani suka gane wurin, suka riƙa sauke nono a inuwar zauren. Mai faci ya samu, mai gyaran mota ya samu, masu tabarma daga Dagumawa suka samu, har makahon nan mai waƙa ya ƙaura daga tasha ya dawo wurinmu. Da kifin baƙin nan na yi wa Mairo kayan ɗaki ban roƙi kowa ba. Ni ban yi karatun da zan san yadda ƙasa take arziki ba, amma na ga abin da ido ya gani. Arzikin man da ake ta faɗa a rediyo, a kan gada yake wuce mu cikin manyan motoci, ko sannu ba ya ce mana. Na baƙin nan ne kaɗai na taɓa gani ya sauko daga mota da ƙafarsa, ya shiga gida-gida har ɗakin tsofaffi.

Abin da ya fi kuɗin ma shi ne Auta. Ka tuna lokacin da ya gama firamare ya ce shi ba zai taɓa taka ƙasa da ƙafa ba, aikin ƙazanta ne, tasha zai tafi ya zama yaron mota. Ba irin faɗan da Baba bai yi ba, a banza. Ganin mutane suna tahowa daga ƙarshen duniya don su kalli aikin ubansa, shi ya juya shi, ba wa'azin kowa ba. Ya fara da riƙe wa Baba ƙwaryar makuba, ya koma kwaɓa ƙasa, har Baba ya soma ba shi 'yar wuƙar nan tasa ta zane yana gwadawa a bangon bayan gida. Hannunsa kuwa ya faɗa, Sharhabilu, har Baba yana ɓoye murmushi. Masu hali a Wudil da Kausani da suka ga Bature yana girmama ginin ƙasa, su ma suka fara kiran Baba ya zane musu zaure. Samari da yawa da suka ɗaura niyyar tafiya birni suka zauna. Har 'yan kalmomin Turanci da Faransanci Auta ya tsinta a bakin baƙi, yana yi mana fassara muna dariya. A shekarun nan Baba ya yi ƙiba, ya daina maganar mutuwa.

Ana nan sai ga wani ma'aikacin gwamnati daga Kano, wajen farkon bara, da 'yar rigarsa mai aljihu huɗu. Aka tara mu a ƙofar mai unguwa. Yaro ne mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce akwai ƙasashen da ba su da ɗigon mai, da baƙi kawai suke gina makarantu da asibitoci, kuma mai yana iya ƙarewa amma mutane ba za su daina son ganin abin da babu a garinsu ba. Ya ce in an gama babban bikin al'adun nan da ake yi a Ikko, za a kawo wasu manyan baƙi Arewa a bas, kuma an sa zauren Dattijo cikin wuraren da za su tsaya. In abin ya burge su, za a gina masauki a bakin kogi, a sa sunan Wudil cikin littafin da matafiya ke dubawa. Bai ce mu taɓa komai ba. Ya sha ruwa, ya yi sallama, ya shiga motarsa.

To, ka san halinmu. In babban baƙo zai zo, sai a naɗe tsohuwar tabarma a tura ƙarƙashin gado, a shimfiɗa sabuwa ko ta aro ce. A yi wa yara wanka, a ɓoye tukunyar da ta yi baƙi. Haka aka tarbi duk wanda muke ganin girmansa tun muna yara, kuma wanda bai yi haka ba sai a ce ya raina baƙo. Su waɗancan masu Landiroba ba mu ɗauke su manyan baƙi ba, 'yan hanya ne masu datti, sun same mu yadda muke. Amma waɗannan gwamnati ce za ta kawo su. Cikin wancan watan kuma, kamar an shirya, sai ga motar da ka aiko da siminti da kwano.

Ka ji ni da kyau, ƙanena, ba laifinka nake nema ba. Kai abin da ɗan kirki yake yi ka yi, aka ƙara maka albashi ka tuna da ubanka. Ranar da aka sauke kayan nan duk unguwa ta fito, mata suna guɗa, Inna tana kuka tana sa maka albarka. Baba ya riƙa zagaya buhunan yana shafa su. Daga nan magana ta fara yawo a majalisa. Aka ce yanzu ɗa ya aiko da siminti tun daga bakin teku, uba ya jibge shi a ɗaki, ya bar baƙin duniya su zo su tarar da shi cikin ginin ƙasa, ai ya kunyata ɗan, ya kunyata gari. Za su koma su ce mutanen Wudil matalauta ne. Mai unguwa da kansa ya tako ya ce wa Baba gidansa ne fuskar gari, ya kamata a sa masa sabuwar riga. Baba kuwa ba wanda ya matsa masa, shi ma haka ya gani. Ya ce in ya ƙi amfani da kyautarka, da wane ido zai dube ka in ka zo.

Auta ne kaɗai ya ce a'a. Ya ce shi da yake magana da baƙin nan ya san abin da ke kawo su, ba siminti suka rasa a garinsu ba. Ya roƙi Baba ya yi ɗakunan ciki da kayan, ya bar fuskar zauren. Baba ya ce masa yaushe aka haife shi da zai koya masa tarbar baƙi, waɗancan 'yan yawo ne, waɗannan manya ne, kuma manya ba a nuna musu tsufa. Yaron nan har hawaye ya yi, mu kuwa muka yi ta yi masa tsiya, muna cewa Turawa sun juya masa kai. Aka ɗauko wani birkila daga Kano, Sabo sunansa. Aka sare zankwayen don kwano ya zauna, aka bubbuga ƙusoshi a jikin bangon don siminti ya kama, aka yaɓe zanen kaf, dagi da takobi da keke da agogo, aka shafe sumul, aka bi da koren fenti. Auta ne ya riƙa miƙa wa Sabo kwaɓin, don Baba ya ce ya yi. Haka ya yi ta miƙawa har aka gama.

Sauranmu ma ba a bar mu a baya ba. Talatu ta kwashe ƙorenta ta ɓoye, ta jera kwanukan sha masu fure da ta saro a kanti. Malam Isyaku ya yi wa kwale-kwalensa fenti ya ari inji ya ɗaura. Ni na aro farantan tangaran da cokula masu yatsu, na sayo lemon kwalba, na hana matan Fulani sauke ƙwarya a wurin. Muka share unguwa tas, muka sha ado, muna jin kanmu kamar Sabon Gari.

Ranar da suka zo, da hantsi ne, bas biyu. Yawancinsu ma baƙaƙe ne irinmu, daga Amurka da wasu ƙasashe, sai Turawa kaɗan. Makaɗa suka saki kiɗa, Baba yana tsaye a ƙofa cikin sabuwar babbar riga. Baƙin suka sauko suna ta waige-waige. Wata mata mai manyan 'yan kunne tana riƙe da kati mai hoto, ta dubi katin, ta dubi bango, ta sake duban katin. Sai ta sa ma'aikacin nan ya tambaya ina gidan da ke cikin hoton yake. Shi kansa ma'aikacin bakinsa a buɗe yake. Baba ya matso da fara'arsa ya ce ai ga shi nan, gyara shi aka yi saboda zuwansu. Aka fassara mata. Ta tako a hankali ta ɗora tafin hannunta a kan fentin, ta daɗe a haka. Ina kusa da ita da faranti a hannu, na leƙa katin. Zaurenmu ne, Sharhabilu, da zankwayensa da komai, rana ta haske shi, ga Baba a dakali da hularsa, har gefen rumfata ya fito. Ban taɓa sanin haka yake da kyau ba sai ranar, a hannun baƙuwa, bayan mun binne shi.

Mutanen kirki ne, ba su kunyata mu ba. Suka sha lemo, suka gaisa da Baba hannu bibbiyu, ba wanda ya ɗaga na'urar hoto. Ba a jima ba suka koma mota, aka ce an wuce da su wani ƙauye can gaba inda ba a sami labarin zuwansu ba balle a gyara. Katin nan ya tsaya mini a rai, na so in ce ta bar mana shi, amma ka san roƙon baƙo abin kunya ne a wurinmu, shi ake ba, ba a karɓa daga gare shi. Baba ma ya gani, shi ma bai roƙa ba saboda haka. Muna tsaye cikin adonmu matar ta mayar da shi jaka, bas ta hau gada. Kifina ya huce a farantan aro, da yamma na rabar wa yara.

Daga ranar abin ya fara zubewa. Ashe matafiyan nan labari suke ba juna a hanya, wannan ya gaya wa wancan inda zai tsaya. Da farko motocin sukan rage gudu, a leƙo ta taga, a wuce. Daga baya ko ragewar ma babu. Ma'aikacin nan bai sake dawowa ba, maganar masauki ta bi ruwa, kuma ban ga laifinsa ba, me zai kawo mutane su gani? Talatu ta koma tallan ƙwarya a kasuwa, inda kowa roba yake nema yanzu. Mai faci ya tashi. Malam Isyaku ya koma jefa taru, ga kogin ma ba kamar da ba tun da aka datse shi can sama. Ni na mayar da rumfata tasha, ina kokawa da 'yan kamasho a kan wurin zama, a shekaruna. Masu halin da ke kiran Baba zane suka ce ai shi kansa magini ya rufe nasa da siminti, su wa za su zauna da ƙasa. Samarin da suka zauna suka watse ɗaya bayan ɗaya, wasu Kano, wasu wurinku. Kullum rediyo tana cewa ƙasa ta yi arziki, ni kuwa unguwarmu ban taɓa ganinta shiru irin na yanzu ba.

Abin da ya riƙe Baba duk wannan lokacin shi ne cewa zanen yana nan a ƙarƙashi. Yakan ce riga ce aka sa masa, ranar da aka ga dama a tuɓe. Daminar bara ta wuce ba a ga komai ba. Ta bana ce ta tona mana asiri. Ruwa ya sami hanya ta bakin kwano ya shiga tsakanin siminti da ƙasa, ya rasa ta inda zai fita. Bangon ya kumbura, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji fanko. Da ruwa ya ɗauke Baba ya ce to lokaci ya yi, shi da Auta suka ɗauki guduma da kurfi, suka fara ɓamɓarowa a hankali. Kash! Duk ɓangaren da ya taso, da zanen yake tasowa manne a bayansa, ƙasar ta ruɓe ta zama gari, ƙusoshin sun yi tsatsa sun cinye ta. Zanen keken nan a dunƙule ya faɗo, Baba ya tsaya kallonsa a bayan simintin, yana taɓawa ya zube. Abin da ya rage bango ne mai ramuka, kamar fuskar wanda ya yi agana. Tsohon nan ya zauna a ƙasa cikin ɓaraguzan, ni da Inna muka kama shi muka shigar da shi gida.

Bayan kwana biyu ya ce zai sake zanawa. Amma da me? Idonsa ya yi yana, hannunsa yana rawa, cokali ma da ƙyar yake kai shi baki. Yawancin zanen kuma aikin Kaka ne, shi bin sa kawai yake yi da farar ƙasa, bai taɓa ƙirƙirarsa ba. Ya ce zai riƙa faɗa Auta yana yi. Sai aka zauna tunawa, nan ne na ji abin da ya fi komai ciwo. Baba ya ce takobin yana dama, Inna ta rantse yana hagu. Ni na ce taurarin suna kewaye da watan, Malam Isyaku ya ce a jere suke. Aka kira tsofaffin unguwa, kowa da nasa. Mutanen da suka shekara hamsin suna jingina da bangon nan, ba mai iya faɗar yadda yake. An ɗauki zauren nan hoto ya fi a ƙirga, yana rataye a ɗakunan mutanen da ba su san sunanmu ba, mu kuwa ba mu da ko ɗaya. Wani direba ne ya ce ya taɓa ganin ana sayar da katuna irin wannan a manyan otal na Ikko. Tun daga nan Baba ya kama maganar, ya ce Auta ya je wurin yayansa su nemo.

Shekaranjiya da safe ina gyaran kifi Auta ya zo ya tsuguna kusa da ni. Ya ce Yaya, zai tafi, amma kada in sa ran dawowarsa. Ya ce ko an sami hoton, ko ya zana shi daidai da na Kaka, baƙin sun riga sun canza hanya, kuma ba mai ba shi aikin ƙasa a garin nan. Iyayen Yelwa, yarinyar da yake nema, sun fara tambayar da me zai riƙe ta. Ya ce ya ji ana neman birkiloli a Ikko ko'ina, shi kuwa ya iya, a jikin bangon ubansa ya koya. Na so in yi masa faɗa, na fasa. Shi ne ya gaya mana gaskiya tun farko muka yi masa dariya, yau da wane baki zan ce ya zauna ya ci haƙuri? Kuka kawai na yi, har na yanke yatsa.

Saboda haka ga abin da nake roƙonka. Ka riƙe shi, ka nema masa aiki wurin mutanen kirki, kada ka bar shi ya kwana a tasha. Ranar da ba ka aiki ku zagaya otal-otal ɗin nan ku duba katunan, ko da yake ni raina bai ba ni za a samu ba, kuma ko an samu ban san abin da zai gyara ba. Ina dai so tsohon ya gan shi sau ɗaya kafin idon ya rufe gaba ɗaya. Sauran simintin da ka ce za ka aiko bayan Salla, don Allah ka bar shi, ka sai wa Inna maganin gwiwa. Kada kuma ka sa abin nan a ranka har ya hana ka barci, Baba bai taɓa ambaton sunanka da ɓacin rai ba, ko sau ɗaya. In za ka rubuto masa, ka ce ana nan ana nema. Kada ka ce an samu, kada ka ce an rasa.

Ban sani ba ma ko ɓoyon da muke yi yana da amfani. Jiya bayan la'asar Baba ya kira Auta zaure, ya sa masa albarka mai tsawo, irin wadda ya sa maka ranar da za ka tafi. Sannan ya ciro wuƙar zanensa, wadda ya gada wurin Kaka, ya naɗe ta a tsumma ya sa masa a aljihu. Mai zuwa neman hoto ya dawo ba ya bukatar wuƙar zane, kuma Baba ya fi kowa sanin haka. Bai tambaye shi ranar dawowa ba. Za ka gan ta a cikin kayansa, kada ka ce masa komai a kanta.

Inna tana gaishe ka, ta ce a gaya wa Huseina ta ga kuka da daddawar da ta ƙulla mata a cikin akwatin Auta. Malam Isyaku yana gaisuwa, haka Mairo da maigidanta da jaririya. Talatu ta ce in gaishe ka da kyau. Ka gaishe mini da Huseina, ka shafa mini kan Halliru da Hafsatu, ka ce gwaggonsu tana nan tana jiran ranar da za a kawo su su ga garin ubansu. Ka gai da duk 'yan Wudil da ke tare da ku.

Na shiga wurin Baba yanzu na ce ina rubuta maka takarda, ko yana da saƙo. Tun makon jiya ya sa masu jakuna suka kawo jar ƙasa suka jibge a ƙofar zauren, kullum da safe sai ya lallaɓa da buta ya yayyafa mata ruwa. Ya ce in gaishe ka, in ce Allah ya yi maka albarka. Ya ce kuma ku nema a hankali, ba gaggawa, shi zai riƙa jiƙa ƙasar kada ta bushe.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce yayarka,
Rabi.